Idan mai ya malala, wa ake kamawa, kuma da wace hujja?

Tambaya daga sakataren wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Alkaleri: "Tun da aka fara maganar man Kolmani muke jin labarin malalar mai a teku, irin ta Bonga da ta Amurka. An ce a Amurka kamfani ya biya biliyoyin daloli, a Najeriya kuwa masunta suna ta jira. Me ya bambanta su? Ta wace hanya ake ɗora wa kamfani da gwamnati alhaki, kuma mu da ba mu da teku me ya kamata mu sani?"

Malam Sakatare, shari'ar malalar mai ba ta tsayuwa a kan yawan kukan waɗanda aka cuta. Alƙali zai tambayi ganga nawa ta zuba, me ya jawo, man wane ne ya iso gonarka, sannan ya duba ko ka zo kotu cikin lokaci. Wanda ya riƙe amsoshin nan a rubuce shi ke da rinjaye. A Amurka an ƙwace lissafin daga hannun kamfani tun da wuri. A nan kuwa, galibi wanda ya yi ɓarnar shi ke auna ta.

Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a Tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, rijiyar kamfanin BP ta yi kwana 87 tana aman mai. Da farko an ce ganga 1,000 ke fita a rana, daga baya aka ce 5,000. Masana masu zaman kansu suka auna faɗin man a hotunan tauraron ɗan'adam suka ce lissafin bai yi ba, majalisar dokoki ta matsa aka saki bidiyon bakin rijiyar kowa ya gani, a ƙarshe ƙiyasin gwamnati ya haura ganga 50,000 a rana. Dalilin wannan ja-in-ja kuɗi ne tsagwaronsa. Dokar tsaftar ruwa ta Amurka tana yanka tara a kan kowace ganga: a lokacin har dala 1,100 idan kuskure ne, har dala 4,300 idan an tabbatar da mummunan sakaci. A 2014 alƙali Carl Barbier ya ce mummunan sakaci ne, ya raba laifin: kashi 67 na BP, kashi 30 na Transocean mai dandalin, kashi 3 na Halliburton da ya zuba simintin rijiyar. A 2015 ya tsayar da adadin da za a yi lissafin tara a kai, ganga miliyan 3.19. A 2016 kotu ta amince da sulhun dala biliyan 20.8, ban da dala biliyan 4 da kamfanin ya amince zai biya bayan ya amsa laifi a shari'ar manyan laifuka.

Gwamnati ma ba ta tsira ba. Hukumar da ke kula da haƙar mai a teku, MMS, ita ke ba da lasisi, ita ke karɓar kuɗin shiga, ita kuma ke duba lafiyar aiki. Aka rusa ta aka raba ayyukan ga hukumomi uku, don kada mai karɓar kuɗi ya zama shi ne mai cewa a dakata.

Yanzu dubi Bonga. Filin yana da nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓar tekun Neja Delta. Ranar 20 ga Disamba, 2011, ana cikin ɗura ɗanyen mai daga jirgin ajiya zuwa jirgin dako sai bututu ya fashe. Reshen Shell mai aikin, SNEPCo, ya ce kimanin ganga 40,000 ce ta zuba. Ganga ɗaya lita 159 ce, wato sama da lita miliyan 6, cikin tankar mota mai lita 33,000 wajen 190. Kamfanin ya ce ya fesa sinadarin narkar da mai ya kashe malalar tun tana cikin teku, man da aka gani a gaɓa kuma na wani ne daban. Masunta suka ce nasa ne. Hukumar NOSDRA, wadda dokar 2006 ta kafa don sa ido kan malalar mai, ta yanka wa kamfanin dala biliyan 3.6, rabi diyya rabi horo, Babbar Kotun Tarayya a Legas ta goyi bayanta a 2018. Amma a wannan shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kalaba, a shari'ar NOSDRA da Mobil, ta ce hukumar ba ta da hurumin yanka tara da kanta ba tare da kotu ba. Shekaru bayan haka masuntan suna ta kiran a biya su.

Ainihin abin da dokar NOSDRA ta rubuta ƙarami ne: naira 500,000 a kowace ranar da kamfani ya ƙi kai rahoto bayan awa 24, da naira miliyan 1 idan ya ƙi share wuri. Babu tara a kan kowace ganga. Ga kamfanin da ke fitar da dubban ganguna a rana, wannan kuɗin shayi ne. Yarjejeniyoyin duniya na diyyar gurɓata teku kuwa jiragen dakon mai suka fi shafa, ba rijiyoyi da dandalin haƙa ba, don haka dokar cikin gida ce madogara.

Waɗanda malalar Bonga ta shafa sun kai ƙara Ingila, a madadin mutane kimanin 27,800 da garuruwa 457. An shigar da ita a Disambar 2017, saura kwanaki kaɗan shekara shida ta cika, sai daga baya aka zo gyara takardu har da sauya sunan kamfanin da ake ƙara. Lauyoyinsu suka ce tunda man yana nan a ƙasarsu ba a share ba, cutarwa tana ci gaba, lokaci bai ƙure ba. Ranar 10 ga Mayu, 2023, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce a'a: malala ce ta faru sau ɗaya, lissafin wa'adi ya fara daga lokacin da man ya taɓa ƙasar mai ƙara. Kotun Ƙolin ba ta tantance ko man Bonga ne ya isa gaɓa ba. Jinkiri ne ya kashe shari'ar.

To mu dawo gida. A Oktoban 2019 NNPC ya sanar da samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu, ranar 22 ga Nuwamba, 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a iyakar Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe. Ba mu da teku, amma dokokin ɗaya ne, hukumomin ɗaya ne, kuma malalar tudu ta fi ta teku sauƙin tabbatarwa domin igiyar ruwa ba ta kwashe shaida. Sai dai ta fi daɗewa. Yankin yana kan ƙasa mai yashi da ruwa ke ratsawa, abin da ya zuba a sama yana iya bin damina ya gangara zuwa ruwan da burtsatse ke ja. Kuma ba sai rijiya ta fashe ba: ramin da ake tara taɓon haƙa idan ya cika ya tumbatsa, ruwan gishirin da ke fitowa tare da mai, tankar da ta faɗi a hanya, tsohon bututun da aka shimfiɗa don kawo mai daffon Gombe daga Jos, duk malala ce a idon doka.

Babban abin da za ku yi, kuma yanzu ne lokacinsa, shi ne rubuta yadda ƙasarku take kafin wani abu ya faru. Hujjar da ta fi saurin kayar da talaka a kotu ita ce a ce masa "dama can haka ruwanku yake". Ku zaɓi rijiyoyi, burtsatsai, mashayar dabbobi da fadamun da ke kusa da wurin aiki da hanyar manyan motoci, a ɗauki lambar taswirar kowanne da waya, a gwada ruwa da ƙasa sau biyu a shekara, tsakiyar rani da ƙarshen damina. A nemi a auna jimillar sinadaran man fetur, da benzin, da gishiri, da ƙarafa irin su dalma da bariyom. Malaman kimiyyar ƙasa da na sinadarai a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ta Bauchi, Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere za su iya taimakawa wajen tsara ɗibar, amma sakamakon da zai tsaya a kotu ya fito daga ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi. Kowane manomi ya rubuta faɗin gonarsa da buhu nawa ya samu na masara, gero, gyaɗa ko wake a kowace kaka, mai unguwa ya sa hannu. Makiyayi ya riƙe katin rigakafi da adadin garkensa. Sannan ku nemi kwafin rahoton nazarin tasirin aiki ga muhalli. Dokar 1992 ta wajabta yin sa kafin babban aikin mai, ana kuma baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su yi ƙorafi. A cikinsa akwai gwajin ruwa da ƙasa da kamfanin ya yi da kansa, wanda ba zai iya musantawa ba daga baya. Idan an hana ku, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takarda.

Ranar da aka ga mai, abu na farko a kori yara da dabbobi, a hana kwasa da bokiti, a kashe duk wata wuta, domin tururin ɗanyen mai yana kamawa kuma benzin da ke cikinsa yana jawo sankarar jini. Sannan a ɗauki hoto da bidiyo da waya mai nuna rana da wuri, a kafa turaku a gefen iyakar man, a sake ɗauka kowace safiya don a ga yadda yake yaɗuwa. Kada a tura hoton asali ta WhatsApp kaɗai a goge na waya, manhajar tana share bayanan rana da wuri. A rubuta wasiƙa a ranar zuwa ga kamfani, NOSDRA, NUPRC (hukumar da ke sa ido kan aikin haƙar mai), da hukumar muhalli ta jiha, BASEPA a Bauchi ko GOSEPA a Gombe, a karɓi hatimin "an karɓa" a kan kwafinku. Kiran waya ba hujja ba ne.

Samfurin ruwa a kwalbar gilashi mai duhu ake ɗiba, lita ɗaya. Ba a amfani da gorar roba ko jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, roba tana shan mai kuma tana ɓata sakamako. Na gwajin benzin a cika ƙaramar kwalba maƙil ba iska a sama, in ba haka ba ya tsere. A sa a kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin kwana 7. A ɗebi ƙasa daga sama, da zurfin rabin mita, da mita ɗaya ko fiye. A ɗebi wani samfurin daga wurin da man bai kai ba don kwatanci. Kowane samfuri a raba uku, na ku, na kamfani, na hukuma, a liƙa takarda mai rana, wuri da sunan mai ɗiba, kuma duk wanda ya karɓa daga hannun wani ya sa hannu. Idan wannan silsila ta yanke ko sau ɗaya, lauyan kamfani zai ce an zuba man a hanya. A ɗebi man kansa ma, domin kowane ɗanyen mai yana da tsarin sinadarai nasa da ake iya haɗawa da rijiyar da ya fito. A nan ne rigimar gaɓar Bonga ta maƙale.

Daga nan sai ziyarar binciken haɗin gwiwa, wadda ma'aikata ke kira JIV. Wakilan kamfani, NOSDRA, NUPRC, ma'aikatar muhalli ta jiha da na gari suna zuwa wurin su cike fom ɗaya: sanadi, adadin ganga, faɗin wurin da ya ɓaci. Wannan takarda ita ce za ta bi ku har Kotun Ƙoli, kuma a nan aka fi cutar mutanen Neja Delta. Sashe na 11 na dokar bututun mai ya wajabta diyya idan bututu ya fashe ko ya yi yoyo, amma ya cire inda wani ne ya fasa da gangan. Saboda haka kalma ɗaya, "zagon ƙasa" maimakon "tsatsa" ko "kuskuren aiki", tana iya share diyyar gari guda. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta ƙara wani nauyi: idan an ce fasawa aka yi, za a cire kuɗin gyara daga asusun raya garuruwan da ake haƙa a cikinsu, wanda kamfani ke zuba wa kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata.

Don haka kada gari ya tura wakili don girma kawai. Dagaci ya je, amma tare da wanda ya iya karanta fom ɗin, in da hali injiniya ko mai safiyo. A tsaya sai an tone an ga ramin da ido, a ɗauki hotonsa kusa da ma'auni kafin a ɗaura masa maƙala. Huda da aka yi da zarto ko na'ura bakinta a tsaftace yake, galibi a saman bututu. Ta tsatsa takan zo a ƙasa, bakinta a cinye, ƙarfen kewaye ya yi siriri. A nemi a auna kaurin ƙarfen a rubuta. A tambayi ranar da malalar ta fara, ba ranar da kamfani ya ce ya sani ba, domin adadin ganga daga kwanaki ake lissafa shi. Kada a sa hannu a fom da ba a cike ba, ko a ce "za a ƙarasa a ofis". Idan ba ku yarda ba, ku rubuta rashin yardarku a jikin fom ɗin, ku ɗauki hoton kowane shafi. Bayan kwanaki ku duba shafin intanet na NOSDRA da ake wallafa rahotannin malala, ku ga ko abin da aka saka ya yi daidai da naku.

Garin Bodo a ƙasar Ogoni ya nuna amfanin wannan taurin kai. Bayan malala biyu a 2008, lissafin Shell ya tsaya a kimanin ganga 4,000. Bidiyon da mutanen gari suka ɗauka na yadda man ke feshi ya ba ƙwararru damar sake lissafi, kamfanin ya amince a gaban kotun Landan cewa adadinsa ya gaza, a Janairun 2015 aka yi sulhu a kan fam miliyan 55, miliyan 35 ga mutum 15,600, miliyan 20 ga gari. Manoma huɗu daga Oruma, Goi da Ikot Ada Udo kuma sun shigar da ƙara a Holan a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta ba su gaskiya a Janairun 2021 a kan malalar Oruma da Goi saboda kamfanin ya kasa tabbatar da zagon ƙasa ba tare da shakka ba, aka ƙare da yuro miliyan 15 a 2022. Amma ku lura, waɗannan hanyoyi sun buɗu ne don uwar kamfanin tana Turai. A Kolmani kamfanin ƙasa ne a gaba, don haka shari'arku a gida za ta kasance.

A gida kuwa, Babbar Kotun Tarayya ake zuwa, akwai ta a Bauchi da Gombe. Sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya keɓe mata al'amuran ma'adinai da mai. A shari'ar Shell da Isaiah a 2001, Kotun Ƙoli ta rusa nasarar da masu ƙara suka samu kacokan saboda a kotun jiha suka fara. Wa'adin kai ƙara kan ɓarna shekara biyar ne ko shida, ya danganta da dokar jiha, amma idan hukumar gwamnati ce ake ƙara, dokar kare jami'an gwamnati tana iya rage shi zuwa wata uku, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwar wata guda kafin a shigar. Ku ga lauya a makon farko. Dabarar da aka saba ita ce a riƙa kiran taron sulhu, ana kawo buhunan shinkafa ana ɗage zama, har wa'adi ya wuce. Ana iya yin sulhu ƙara tana gaban kotu. A rubuta sunan kamfanin daidai yadda yake a lasisi, tare da ɗan kwangilar da ke aikin, kuma kowane mai ƙara ya ba lauya izini a rubuce.

Kama gwamnati ya fi wuya, domin ita ce mai man bisa sashe na 44 na kundin tsarin mulki, ita ce abokiyar hannun jari, ita ce kuma mai sa ido. A tsohuwar haɗakar Shell ta kan tudu, NNPC ke da kashi 55, wato duk diyyar da aka biya fiye da rabi daga aljihunta ne. Duk da haka akwai ƙofofi. A 2018 Kotun Ƙoli, a ƙarar da wata ƙungiyar sa ido kan gurɓatar mai ta kai NNPC, ta ce ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin kai ƙara don kare muhalli ko da ba gonarta aka ɓata ba. A Disambar 2012 kotun ECOWAS, a ƙarar ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP, ta sami Najeriya da laifin kasa tsawata wa kamfanonin mai. Ana iya roƙon kotu ta tilasta wa hukuma yin aikin da doka ta ɗora mata. Waɗannan hukunce-hukunce ba safai suke kawo kuɗi ba, amfaninsu su fito da takardun da ake ɓoyewa. Ku tambayi NUPRC a rubuce ko mai lasisin Kolmani ya zuba kasonsa a asusun gyaran muhalli da dokar 2021 ta tanada, da kuma kwafin shirinsa na ko-ta-kwana idan mai ya malala. 'Yan majalisarku na tarayya za su iya neman waɗannan a zaman kwamiti.

Wajen diyya, kotu ba ta karɓar "mun yi asara mai yawa". Sai an kawo ƙwararren mai ƙiyasta kadara mai rajista ya lissafa gona-gona, bishiya-bishiya, dabba-dabba, da shekarun da ƙasar za ta yi ba ta ba da amfani. Dabbar da ta mutu likitan dabbobi ya buɗe ta ya rubuta kafin a binne. Wanda ya kamu da ciwon fata ko numfashi ya je asibiti a rubuta a kati. Makiyayin da ba shi da gona amma mashayarsa ko burtalinsa ya ɓaci yana da asara, a sa shi cikin jeri tun farko, in ba haka ba rabon kuɗi zai zama sabuwar rigima tsakaninku. Kayan agaji daban, diyya daban, kuma duk takardar da ta ce "biya na ƙarshe" kada a sa mata hannu sai lauya ya karanta. A Bodo kason kowane mutum asusunsa na banki aka tura kai tsaye, tsarin da ya kamata ku nace a kai.

Sharar wuri ita ma sai an bi ta. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya gano mai ya nutse har mita 5 a wasu wurare, alhali hanyar da aka saba ita ce a juya ƙasar sama a bar ta ta sha iska. A Nisisioken Ogale an sami benzin a ruwan sha ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, rahoton kuma ya ce gyara zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Ƙa'idar Najeriya tana da ma'auni biyu na mai a cikin ƙasa: miligiram 5,000 a kowane kilo shi ne inda dole a ɗauki mataki, miligiram 50 shi ne inda ake so a kai. 'Yan kwangila sukan tsaya da zarar sun sauko ƙasa da 5,000 su nemi takardar kammalawa. Ku sa a rubuta a yarjejeniya wane ma'auni za a kai, a wane zurfi za a gwada, da cewa za a raba samfurin ƙarshe da ku kafin NOSDRA ta rufe fayil.